Yadda Ake Rubuta Labarin Almara a Cikin Gidan Wani Marubuci

Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi, rubutu kuwa sha'awa ce da nake yi bayan na rufe shago. Abin da ya jawo ni cikinsa wani littafin yaƙi ne mai juzu'i da yawa, irin waɗanda ake kawowa daga Kano, wanda na karanta har bangonsa ya rabu da shi. A ciki akwai wani mai gadin ƙofar birni da ya fito sau biyu kacal. A karo na biyu ya buɗe wa jarumin ƙofa da tsakar dare, alhali ya san sarki ya yi rantsuwa zai fille kan duk wanda ya yi haka. Daga nan marubucin bai sake waiwayarsa ba. Na yi kwanaki ina taka keke ina tambayar kaina me ya sa ya buɗe, kuma me ya same shi da gari ya waye. Da na ga ba mai ba ni amsa, sai na sayi kaye irin na ƴan makaranta, na zauna na rubuta da hannuna.

Wannan aikin shi matasa ke kira fanfik. Ni labarin aro nake ce masa: ka ari duniyar wani, da mutanensa da dokokinsa, ka ba da labarin da shi bai bayar ba. A Amurka, a 1967, masoyan wani shirin talabijin na tafiye-tafiyen sararin samaniya sun fara buga ƴar mujallarsu mai ɗauke da irin waɗannan rubuce-rubuce, shi ya sa ake yawan ambaton wannan shekarar. Amma mu nan mun daɗe da sanin abin. Duk tsohuwar da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ta ɗauko Gizo da Ƙoƙi, ba ita ta ƙirƙire su ba, kuma ba ta taɓa mayar da su yadda ta same su.

Mataki na farko shi ne ka san gidan da za ka shiga. Kada ka zaɓi littafi ko fim don ana yayinsa, zaɓi wanda ya hana ka barci. Sannan ka sake karanta shi daga farko, wannan karon da biro a hannu. Ware kaye guda, ko fayil guda a waya, ka riƙa tara duk abin da marubucin ya tabbatar: sunayen mutane da yadda ake rubuta su, wane ne ɗan wane, garuruwa da tafiyar kwana nawa ce tsakaninsu, wanda ya mutu da inda ya mutu, da yadda kowa ke magana. Akwai mai yawan rantsuwa, akwai wanda ba ya fara zance sai da karin magana, akwai mai gajeriyar amsa. Rubuta duka, tare da lambar shafi. Aikin zai ci maka mako biyu ko uku, kuma za ka ji kamar ɓata lokaci ne. A labarina na farko na hau da jarumin a kan kili, alhali tun juzu'i na biyu an faɗi dokinsa akawal ne. Wani mai karatu ya rubuto mini cewa daga nan ya ajiye, domin wanda bai san dokin ba bai san mahayin ba. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa. Masu karanta labarin aro mutane ne da suka haddace gidan, kuma suna shigowa ne don su sake jin ƙanshinsa.

Na biyu, nemo giɓin. Kowane marubuci yana barin wurare a buɗe, ko da gangan ko don labarinsa ya yi gaba. Wani giɓin mutum ne, kamar mai gadina. Wani lokaci ne, inda aka ce "bayan shekara bakwai" aka tsallake. Wani kuma tambaya ce ta da a ce: da a ce wazirin bai ci amana ba, da yaya? Akwai kuma ci gaba bayan ƙarshen littafin. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki ƙaramin mutum, ya ƙyale babban jarumi. Jarumin kowa ya riga ya zana shi a zuciyarsa, da ka ɗan karkace za a yi maka ca. Mai ɗebo wa doki ciyawa, ko kuyangar da ta kai saƙo sau ɗaya, ba wanda ya riga ka zuwa wurinsu. Gwajin giɓi mai kyau shi ne ka iya faɗinsa a tambaya guda wadda za ta sa wani masoyin littafin ya ce, "Wallahi ni ma na taɓa tunanin haka."

Na uku shi ne wanda ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi nake ganin ya fi raba labari mai rai da mara rai: sihiri sai da farashi. Kuskuren da nake yawan gani, wanda ni ma na yi, shi ne a ba mutum tsafi mara iyaka. Ya shiga tsaka mai wuya, sai ya murza zobe, aljani ya ɗauke shi. Ya sake shiga, ya sake murzawa. A karo na uku mai karatu ya daina jin tsoro, wanda kuwa ba ya jin tsoro ba zai buɗe babi na gaba ba. Abin mamaki, ba ma bukatar koyon wannan daga nesa. A labaran da muka taso muna ji game da layar zana, da baduhu, da sagau, da maganin ƙarfe na ƴan tauri, kowane asiri yana da sharaɗi, kuma yana da makari. Akwai abin da mai shi ba ya ci, akwai inda ba ya takawa, akwai ranar da abin ba ya kamawa. Wannan ƙa'idar ita za ka ɗauka.

Ga yadda nake yi. Kowane abin sihiri da zai shigo labarin, ina rubuta masa layi uku a kayena: me yake yi, me yake ci daga mai shi, me ke karya shi. In littafin asali ya riga ya faɗi ɗaya daga ciki, ba na taɓa shi. In bai faɗa ba, nan ne filina. A littafin da na ara, an ce ƙofar birnin ɗaurarriya ce, ba ta buɗuwa da dare, amma ba a faɗi yadda mai gadin ya buɗe ta ba. Sai na yanke cewa ƙofar tana buɗuwa, amma duk daren da ya buɗe ta, sai ta karɓi sunan mutum guda da yake ƙauna, ya manta shi har abada. Fuskar tana nan, son yana nan, sunan ne ya tafi. A wannan daren sunan ɗiyarsa ta karɓa. Saboda haka labarina ya fara ne da safiya, yarinya ta kawo masa fura a ƙwarya ta durƙusa, shi kuma ya buɗe baki zai sa mata albarka, ya rasa me zai kira ta. Daga wannan layi ukun sauran labarin ya fito da kansa, domin yanzu kowane dare da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, mai karatu yana lissafin wanda ya rage.

Ka lura da abu guda: farashin ya zama abin da ke yi wa wannan mutumin ciwo, shi musamman. Attajiri ba ya jin zafin biyan zinariya. Ka karɓi abin da ba zai iya saye a kasuwa ba.

Na huɗu, shigo da abin da ka sani. Duniyar ta aro ce, amma cikon naka ne, kuma a nan ne mu mutanen Maradi muke da rumbu cike. Garinmu kansa labarin gudun hijira ne da sake ginin sarauta. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a nan wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri nan kusa da mu. A 1945 ambaliyar Gulbin Maradi ta ci tsohon gari da ke fadama, jama'a suka hau tudu. Wanda ya taso yana jin waɗannan a bakin manya ya san yadda birni ke faɗuwa da yadda mutane ke ɗaukar sunan garinsu su tafi da shi. Da na zo rubuta yadda mutanen birnin mai gadina suka fita da kaya a ka, ban ƙirƙiri komai ba, abin da tsofaffi ke faɗi game da hawa tudu na tuno.

Haka fada. Maimakon sarki da waziri su kaɗai, duba yadda sarautar Katsinar Maradi ta tsaru, da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, ga kuma Iya a ɓangaren mata. Ba lallai ka kwashi sunayen ba, musamman in littafin asali yana da nasa. Abin ɗauka shi ne fahimtar cewa sarki ba ya mulki shi kaɗai, akwai masu zaɓensa, akwai masu iya ja masa burki. Kayan yaƙi ma ka kira su da sunansu: lifidi, sulke, kwalkwali, garkuwa, kwari da baka, ƴan lifida a gaba, ƴan baka a ƙasa. Itatuwa kuma kada duk su zama "wata bishiya". Tsamiya da kuka kowa ya san abin da ake faɗi game da su. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, kamar mai yi wa duniya gardama, kuma ban ga itacen da ya fi shi dacewa da bakin hanyar shiga wata duniya ba. Na taɓa zuwa tafkin Madarunfa, inda ake maganar kaburburan waliyyai 99, na zauna yini guda ba don komai ba sai don in ji yadda ruwa ke yi da la'asar, da irin tsuntsayen da ke sauka. Shafi biyu na samo daga wannan tafiya, kuma su masu karatu suka fi ambata.

Wata rana kakata ta tarar da ni a zaure ina rubutu.

"Maigidana, mi kake ta zane ga takarda tun ɗazu?"

Na ce, "Kaka, labarin wani aljani ne mai tsaron ƙofa."

"Ina shike kwana?"

Na yi shiru. Ta ce, "In ba ka san inda shike kwana ba, da abin da shika ƙi, ba ka san shi ba tukuna." Ta wuce abinta. Tun daga ranar, duk wata halitta da zan sa a labari sai na amsa waɗannan tambayoyin biyu, ko da amsar ba za ta fito a shafi ba.

A nan akwai taka-tsantsan da ba zan tsallake ba. Mu Musulmi ne, masu karatunmu ma haka, kuma a Maradi maganar iskoki ba wasa ba ce, akwai waɗanda bori rayuwarsu ce, akwai waɗanda ko sunansa ba sa son ji. Ni ba na ɗauko sunayen iskokin Jangare, birnin iskoki a wurin ƴan bori, in sa su a labarin nishaɗi, nawa nake ƙirƙira. Ba na sa aya a bakin matsafi, ba na rubuta wani surkulle da yaro zai ɗauka gaske ne ya gwada. Na taɓa kai wa malaminmu na zaure wani babi, na ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini ko na ƙetare iyaka." Ya karanta ya nuna mini wuri guda da na ba wani boka sanin gaibu kai tsaye. Na gyara, na sa bokan yana hasashe yana kuskure, sai ga shi babin ya fi daɗi, domin yanzu ba a san ko maganarsa za ta tabbata ba.

Na biyar, yi awo kafin ka yanka. Shafi guda ya isa: ina labarin ya fara, me mutumin yake so, me ya tare shi, ina zai ƙare. Ƙarshen musamman ka san shi tun kafin ka rubuta kalmar farko. Labaran da aka fara da zafi aka watsar a babi na huɗu sun yi yawa, kuma akasari rashin sanin inda aka dosa ne. Ga mai farawa ina ganin babi biyar zuwa takwas ya wadatar, kowane babi kamar kalma 1000, abin da mutum zai karanta a waya yana jiran shayi ya nuna.

Sai rubutun kansa. Ni bayan isha'i nake zama, minti arba'in, ko da ranar ba na jin komai a kaina. Gab da salla, lokacin da ɗinki ke kai mu asuba, ajiyewa nake yi gaba ɗaya, in sanar da masu karatu. Kada ka buɗe da tarihin duniya da jerin sarakuna, masu karatunka sun riga sun san gidan. Jefa su cikin matsala a layin farko. Wurin faɗa kuma ka gajarta. Sara da suka shafi uku gajiya ce, abin da ake so a ji shi ne abin da mutumin zai rasa in ya faɗi. Maganar mutanen da ka aro ka karanta ta da ƙarfi, ka tambayi kunnenka ko wannan mutumin zai faɗi haka. Waɗanda ka ƙirƙira kuwa kana da damar ba su harshen gida. Mai gadina "munka" da "sunka" yake yi, yana cewa "tahi" da "wanga", su kuwa mutanen fada na bar su da Hausar littafin. Wannan kaɗai ya nuna shi baƙo ne a birnin ba tare da na faɗa ba.

Duk daren da ka rubuta, aika wa kanka kwafi ta imel ko ta WhatsApp kafin ka kwanta. Wayata ta taɓa faɗawa ruwa da babi uku a cikinta, na sake rubuta su, amma akwai wata hira tsakanin uban da ɗiyar da har yau ban dawo da ita yadda take ba.

Na shida gyara ne. In ka gama, ajiye shi mako guda, sannan ka karanta wa wani da baki. Ni ƙanwata nake karanta wa, ina kallon fuskarta. Inda ta ɗauki waya, nan zan yanke. Inda ta ce, "Yaya, tsaya, wa ya faɗi wannan?" nan zan gyara. Bayan haka ka bi haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, domin baki daban baƙi daban, haka kasa da ƙasa, haka bata da ɓata. Gboard, manhajar buga haruffa a waya, na da Hausa, ka sa ta a wayarka ka huta. Mu a Nijar tsarin rubutun 1999 harafin ƴ ya ba mu, a Najeriya kuwa 'y suke rubutawa. Ɗauki guda ka tsaya a kai daga farko har ƙarshe.

Na bakwai, haƙƙin mai gida. A saman kowane babi ka rubuta sunan littafin asali da na marubucinsa, ka faɗa a fili cewa duniyar da mutanen nasa ne, kai masoyi ne kawai. Kada ka sayar. Na san yadda ake buɗe rukunin karatu na kuɗi a WhatsApp, kuma ba laifi ga wanda labarin nasa ne tun daga tushe, amma karɓar ko dala a kan mutanen da wani ya yi shekaru yana ginawa cin haƙƙi ne. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma ko ba don doka ba, akwai kunya. In marubucin yana raye kuma ana iya samunsa, aika masa saƙo cikin ladabi ka nemi izini. In ya ce a'a, ka janye ba gardama. Kada kuma ka sa mutanensa su aikata abin da zai zubar masa da mutunci a idon jama'arsa, domin wanda ya ga labarin a waya ba lallai ya bambance naka da nasa ba. Gizo, da Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, waɗannan gadon kowa ne, ba mai hana ka. In kana tsoron maganar izini, fara da su.

Wurin sakawa ba wuya. Wattpad, shafin intanet na saka labarai wanda aka kafa a Kanada a 2006, cike yake da labaran Hausa. Shafin Archive of Our Own, da aka buɗe wa jama'a a 2009, don labaran aro aka yi shi, kuma ba ya yarda a nemi kuɗi da su. Ga Facebook, ga WhatsApp. Ko ina ka zaɓa, ka sa rana guda a mako ka riƙe ta, kuma kada ka saki babi na farko sai kana da uku a ajiye.

Saura abu guda da ba wanda ya gaya mini zai faru. Bayan na gama labarina da wata takwas, sai marubucin ya fitar da sabon juzu'i, a ciki ya ambaci mai gadin a layi biyu: ashe cin hanci ya karɓa ya buɗe ƙofar, kuma ba shi da ɗa ko ɗiya. Na rufe littafin na daɗe zaune a kan keke ban taka ba. Masu karatu suka yi ta tambaya ko zan goge nawa. Ban goge ba, ban kuma gyara ba. Na ƙara layi guda a samansa cewa an rubuta wannan kafin fitowar juzu'i na ƙarshe, kuma maganar mai littafi ita ce ta tabbata a gidansa. Sannan na koma kayena, na buɗe shafin mai gadin, na rubuta sabon bayanin da lambar shafinsa a ƙarƙashin tsohon. A gefe kuma na rubuta tambayar da ta taso mini ina cikin karanta layukan nan biyu: wa ya biya kuɗin, tunda jarumin ya iso ƙofar ba ko anini a aljihunsa?